Lauyata ta ce a sa masanin halayyar ɗan Adam cikin maganar rabuwarmu, me zai yi mana?

Maman_Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya kai ni bango. Ni da mijina mun yanke shawarar rabuwa bayan shekara 14 da aure. Don Allah kada a tambaye ni dalili, an yi zaman sulhu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, magana ta ƙare. Muna zaune a jihar Texas ta Amurka, yaranmu uku, babbar shekararta 12, mai bi mata 9, autan kuma 5. Ni da shi babu mai son mu je gaban alƙali muna tonon silili, shi ya sa muka zaɓi tsarin nan na rabuwa ta haɗin gwiwa, kowa da lauyansa, a zauna teburi ɗaya a daidaita maganar gida da kuɗi da yara, sannan a kai wa alƙali takarda ya sa hannu.

To jiya lauyata ta ce ita da lauyansa sun ga ya dace a kawo masaniyar halayyar ɗan Adam ta riƙa zama da mu. Wallahi raina ya sosu. Lafiyata ƙalau, ina zuwa aikina, ina kula da 'ya'yana. Me matar nan za ta yi mana? Gyara auren za ta yi, ko auna hankalina za a yi a ga ko na cancanci riƙe yarana? Ko kuwa hanyar ƙara tatsar kuɗi ce kawai? Wanda ya sani ya taimaka mini.

Talatu_M:
Wa alaikumus salam. Allah ya zaɓa muku mafi alheri, Maman Iman. Ni ban san tsarin ba, amma ina nan ina sauraro.

Baba_Audu:
'Yata, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. In har za ku iya zama teburi ɗaya ku yi magana ta hankali a kan gida da yara, me zai hana ku zauna ku gyara auren? Ni a ganina matar nan da za a kawo, ku roƙe ta ta sasanta ku. Yara uku ba wasa ba ne.

Maman_Iman:
Baba na gode, na san don Allah ka faɗa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara biyu muka yi muna zuwa wajen masu ba ma'aurata shawara.

Barista_Hauwa:
'Yar uwa, kwantar da hankalinki, ba auna ki za a yi ba. Ni a Ingila nake aikin lauya, dokokinmu sun bambanta da naku, amma ginin tsarin ɗaya ne. Bari in fara daga tushe.

Wani lauya ne a birnin Minneapolis na Amurka, Stuart Webb, ya fara abin a 1990, bayan ya gaji da ganin yadda shari'ar rabuwar aure ke ragargaza mutane. Abin da ya kawo sabo shi ne sharaɗi guda: miji da mata da lauyoyinsu duk su sa hannu cewa in magana ta watse aka tafi kotu, to lauyoyin nan biyu sun fita, kowa ya nemi sabo. Saboda haka lauya ba shi da ribar komai a faɗanku, ribarsa tana cikin ku daidaita.

To sai aka gano cewa lauyoyi su kaɗai ba sa iya riƙe zaman. An koya mana doka, ba a koya mana abin da za mu yi ba idan mace ta fashe da kuka ko namiji ya buga teburi ya fice. A can Kalifoniya, wajen yankin San Francisco, wasu masu aikin lafiyar zuciya da tunani, cikinsu har da Peggy Thompson da Nancy Ross, suka haɗa kai da lauyoyi irin su Pauline Tesler, aka gina tsarin tawaga: lauyoyi biyu, masanin halayya, wani lokaci da masanin yara daban, da kuma akanta ɗan ba-ruwana. Can Kalifoniya an fi ba kowa nasa masanin. A Texas kuwa an fi amfani da mutum ɗaya wanda ba ya ɓangaren kowa, kuma ina jin irinta lauyarki take nufi. Jiharku ce ma ta fara sa tsarin cikin dokarta a 2001.

Wadda kike tsoro daban ce. Akwai masanin da kotu ke naɗawa ya binciki iyaye, ya yi musu gwaje-gwaje, ya rubuta wa alƙali rahoto kan wanda ya fi dacewa da riƙon yara. Wannan a shari'a ake yinsa. Ta cikin tawagarku ba ta rubuta wa alƙali komai.

Garba_Toronto:
Anti, ni na bi ta wannan hanyar shekara huɗu da suka wuce, a Kanada. Da aka ce mini za a kawo koci, sunan da suke kiran masanin halayyar ke nan kamar na 'yan ƙwallo, sai na ce ba na so. Ni namiji ne, me zan zauna in faɗa wa baƙo?

Zamanmu na farko babu shi. Awa biyu muka yi a kan teburin cin abinci. Teburi fa, na katako, wanda ko a kasuwar gwanjo ba zai yi wani kuɗi ba. Lauyoyi biyu suna zaune agogonsu na tafiya, ni na kafe, ita ta kafe. Muka tashi ba a yanke komai ba, aka turo mana takardar kuɗi.

Kafin zama na biyu na yarda na ga mutumin ni kaɗai. Bai tambaye ni yarintata ba, bai ce in kwanta a kujera ba. Cewa ya yi: teburin nan, me ke cikinsa? Na yi shiru, can na ce a kansa nake koya wa ɗana karatu kullum da daddare. Ashe ba teburin nake wa faɗa ba, tsoro nake ji za a raba ni da yaron. Ita kuma ashe mahaifiyarta da ta rasu ce ta saya mata. Da muka koma, cikin minti 10 aka gama: ta ɗauki teburinta, aka rubuta mini dare uku a mako da yaron zai kwana a wajena. Da babu mutumin nan, ina jin da mun ƙare a kotu a kan katako.

Injiniya_Bello:
Malam Garba ka yi sa'a. Ni labarina ba haka yake ba, kuma ina so Maman Iman ta ji ɗaya gefen. Tambayarta ta ƙarshe kan kuɗi tana kan hanya. Ka ƙirga: lauyoyi biyu, koci, akanta. Duk zaman da aka yi mutum huɗu kake biya a awa ɗaya. Bayan kun tashi su ma su yi nasu taron su tattauna ku, shi ma a aljihunku. Wata 8 muka yi, ƙarshe magana ta watse a kan gida. Sharaɗin nan da Barista ta yaba shi ya zame mini ƙaya. Lauyan da ya san komai nawa ya fita, na nemi sabo na fara daga farko. Kafin nan ma na daɗe ina ganin ba za a daidaita ba, amma na kasa fita saboda abin da na riga na zuba. Gaba kura baya sayaki.

Barista_Hauwa:
Injiniya gaskiya ka faɗa, kuma ba kai kaɗai ka ga wannan ba. A 2007 kwamitin ɗa'a na ƙungiyar lauyoyin jihar Colorado ya ce sharaɗin ya saɓa wa aikin lauya, don yana ɗaure masa hannu. A shekarar dai ƙungiyar lauyoyin Amurka baki ɗaya ta ce ya halatta matuƙar an yi wa mutum bayani ya fahimta ya amince. Wato muhawarar tsohuwa ce. Amma a kan kuɗin masanin, a lura da abu ɗaya: yawanci awarsa ta fi ta lauya sauƙi, kuma ku biyu kuke raba kuɗinsa. Jadawalin yara, wa zai ɗauko su daga makaranta, hutu a wajen wa, duk za ku iya zama ku uku ku gama ba tare da lauya ko ɗaya a ɗakin ba.

Injiniya_Bello:
A takarda haka ne. Namu kocin kowane zama sai ya ce a ƙara wani.

Dakta_Binta:
Salamu alaikum. An turo mini wannan zaren aka ce in sa baki tunda fannina ne. Maman Iman, ɓacin ranki na fahimce shi, kusan kowa haka yake ji ranar farko.

Da farko a raba abubuwa biyu da mutanenmu ke haɗawa. Likitan ƙwaƙwalwa daban, shi ke rubuta magani. Masanin halayya daban. Kuma a cikin wannan tsarin ko aikin jinyar zuciya ba ya yi. Ba zai ce kina da ciwo kaza ba, ba zai tono abin da ya faru shekara 20 baya ba. Aikinsa yana da iyaka, yana ƙarewa ranar da aka sa hannu.

Me yake yi? Abu na farko, ya lura da inda kowa yake. A mafi yawan rabuwa mutum ɗaya ne ya riga ɗaya yanke shawara a zuciyarsa. Shi ya yi kukansa tun bara, ya gama, yanzu sauri yake a rufe magana. Ɗayan kuwa yanzu abin yake dukansa. In ka zaunar da su ka ce a raba kaya, mai sauri zai ga ana ja masa rai da gangan, ɗayan kuma zai ga ana korarsa kamar bai taɓa zama komai ba. Lauya ba ya ganin wannan, shi dai ya ga an ƙi sa hannu. Masanin shi zai ce wa tawaga a sassauta, ko a fara da abu mai sauƙi.

Na biyu, jiki. Tun 1967 wasu likitoci biyu, Holmes da Rahe, suka jera abubuwan da ke girgiza rayuwar mutum, suka ba mutuwar miji ko mata maki 100, mutuwar aure ta zo ta biyu da maki 73. Ga kuma abin da John Gottman ya nuna a bincikensa kan ma'aurata: idan gardama ta yi zafi bugun zuciya ya haura wajen 100 a minti, mutum ya daina jin abin da ake faɗa masa, sai dai kare kai ko kai hari, kuma jiki yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka. To a irin wannan halin ake so ki yanke shawarar inda 'ya'yanki za su kwana shekara 10 masu zuwa. Masanin yana zaune yana kallon fuska, da hannu, da numfashi. Kafin abin ya fashe zai ce a sha iska. Kamar ƙaramin abu ne, amma sau da yawa shi ke ceton zaman.

Na uku, ya shirya ki kafin zama. Wace kalma ce in ya faɗa take tayar miki da hankali? Me za ki yi in ya faɗe ta? Yaya za ki faɗi buƙatarki ba tare da kin jefe shi da laifin shekara 14 ba? Ana gwadawa a ofis kamar yadda ɗalibi ke bita kafin jarrabawa.

Baba Audu, da girmamawa, in matar ta ga alamar cewa dukansu biyu suna da sauran shakka, za ta faɗa, kuma akan dakatar da tsarin a tura su wajen mai sasanta ma'aurata. Amma ba za ta mayar da kanta mai gyaran aure a ɓoye ba, don cin amanar wanda ya zo da niyyar rabuwa ne.

Baba_Audu:
To Dakta, na ji. Allah ya sa mu dace. Ni dai yaran nake ji.

Nura_K:
Baba, tunda ka ambaci yara bari in yi magana, don ni ɗan irin wannan gidan ne. Ina shekara 11 iyayena suka rabu, ta kotu. Abin da ya fi ci mini rai ba rabuwar ba ce. Aike ne. "Ka faɗa wa ubanka kuɗin makaranta." "Ka faɗa wa uwarka ba ni da shi." In na dawo daga wajen ɗaya, ɗayan ya zaunar da ni: wa ka gani a gidan, me aka ce game da ni? Na koyi ƙarya tun ina ƙarami don in kare kowa daga kowa. Har yau da na kai shekara 30 ban iya zama ɗaki ɗaya da su biyun ba tare da cikina ya murɗa ba.

Babu wanda ya taɓa tambayata yaya nake ji. Mutum ɗaya ya tambaye ni wajen wa nake so in zauna, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muni da za a yi wa yaro. Anti Maman Iman, in akwai wanda aikinsa shi ne ya saurari 'yarki mai shekara 12 ba tare da ya sa ta zaɓi ba, don Allah ki bari.

Talatu_M:
Nura ka sa ni hawaye. Allah ya saka maka.

Dakta_Binta:
Nura ya taɓo aikin masanin yara, wanda wani lokaci mutum ne daban a tawagar. Yakan ga yaran sau ɗaya ko biyu, ƙanana ta hanyar wasa da zane, manya ta hira. Ba ya tambayarsu su zaɓa. Kafin su tashi yakan tambaye su me suka yarda a faɗa wa iyayensu, me ba su yarda ba. Sannan ya zaunar da iyayen su biyu ya gaya musu. Na sha ganin iyaye suna faɗa a kan raba kwanaki daidai wa daida, alhali abin da ke hana yaron barci shi ne ko zai bar makarantarsu, ko wa zai riƙe kyanwarsa, ko kuwa yana zaton shi ya jawo rabuwar saboda ya faɗi jarrabawa. Yara masu shekarun autanki sukan ɗora wa kansu laifi sosai.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, sashe na 12, ta ce yaro yana da haƙƙin a ji ra'ayinsa a abin da ya shafe shi. A ji shi, ba a ɗora masa hukunci ba.

Kuma don hankalin iyaye ya kwanta: wata masaniyar halayya, Mavis Hetherington, ta bi iyalai wajen 1,400 tsawon shekaru kusan 30, ta samu cewa kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na yaran da iyayensu suka rabu sun tashi lafiya ba tare da babbar matsala ba. Abin da bincike ya yi ta nunawa shi ne rigimar iyaye da ba ta ƙarewa, musamman wadda ake sa yaro a tsakiya, tana cikin abubuwan da suka fi cutar da su.

Malam_Sabo:
Na karanta cewa an yi bincike a jihar Virginia ta Amurka aka ga iyayen da suka bi wannan tsarin sun fi zumunci da 'ya'yansu bayan shekara 12. Kashi 28 cikin 100 na iyayen da yara ba sa hannunsu suna ganin yaran duk mako, waɗanda suka bi kotu kuwa kashi 9 kacal.

Barista_Hauwa:
Malam Sabo, alƙaluman daidai ne amma ba wannan tsarin ba ne. Binciken Robert Emery ne, kuma a kan shiga tsakani aka yi shi, inda mutum ɗaya ɗan ba-ruwana ke sasanta ma'auratan. Dangi ne amma ba abu ɗaya ba ne. Darasin da za a iya ɗauka shi ne yadda aka rabu yana bin mutane shekaru, amma kada mu jingina wa tsarin haɗin gwiwa abin da ba a auna a kansa ba.

Malam_Sabo:
Na gode da gyara, Barista.

Uwar_Biyu:
Na yi ta rubutawa ina gogewa. Bari dai in faɗa. Duk abin da Dakta ta ce yana da kyau in mutanen biyu kai ɗaya suke. Ni tsohon mijina bai taɓa ɗaga hannu ya mare ni ba, amma katin bankina a hannunsa yake, wayata yana dubawa, ƙawayena duk ya raba ni da su. A waje kuwa mutum ne mai fara'a, kowa na sonsa. Muka shiga wannan tsarin, aka kawo mana masaniya ɗaya ta mu biyu. A gabanta ya zama salihi, yana magana a hankali, yana cewa shi dai zaman lafiya yake so. Ni kuma in ya kalle ni wani irin kallo da ni kaɗai na san ma'anarsa, sai bakina ya mutu. Ita tana ganin na yarda, ni kuwa tsoro ne. Har ta taɓa ce mini in riƙa ƙoƙarin fahimtar ɓangarensa. Na kusa sa hannu a kan abin da zai bar ni ba gida ba kuɗi. Ƙanwata ce ta ce in fita, na tafi kotu, kuma a nan na samu haƙƙina.

Ba ina cewa naki haka yake ba, Maman Iman. Amma ɗan ba-ruwana tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi, mai ƙarfin yake taimaka wa ko bai sani ba.

Dakta_Binta:
Uwar Biyu, sannu. Abin da ya same ki kuskure ne babba daga wajenta, ba zan kare shi ba. Aikin farko na masanin, kafin komai, shi ne ya ga kowa shi kaɗai, ƙofa a rufe, ya yi tambayoyi kai tsaye: wa ke riƙe kuɗi, kina jin tsoronsa, me ke faruwa in kin ce a'a? Duka ba shi kaɗai ne ma'auni ba. In ya ga irin naki, ko dai a ba ki naki masanin ke kaɗai, ko a raba ɗaki, ko a ce wannan tsarin bai dace da ku ba. Haka in akwai shaye-shaye mai tsanani, ko wani yana ɓoye dukiya, domin tsarin gaba ɗaya a kan kowa ya fito da gaskiyar abin da ya mallaka aka gina shi.

Barista_Hauwa:
Dokar samfuri kan wannan tsarin, wato wadda aka tsara don kowace jiha ta ɗauka in ta so, da aka fitar a Amurka a 2009, wadda jihohi fiye da 20 suka ɗauka, ta wajabta wa lauya ya bincika ko akwai tarihin duka ko danniya kafin a sa hannu. A nan Ingila kuwa irin abin da Uwar Biyu ta bayyana laifi ne a doka tun 2015, ko da ba a taɓa jikin mutum ba.

Hajiya_Asabe:
Ni tambayata sirri. Duk abin da na faɗa wa matar nan ina kuka, gobe in an watse aka je kotu, ba za a kira ta ta tona ni ba?

Barista_Hauwa:
Hajiya, takardar da ake sa wa hannu tun farko takan hana kiran 'yan tawaga shaida, kuma a jihohin da suka ɗauki dokar can ta 2009 doka ma ta kare maganganun. Amma akwai iyaka. In ta ji ana cutar da yaro, dole ta kai rahoto ga hukuma, haka in wani ya yi barazanar kisa ko cutar da kansa. Sai kuma wani abu da mutane ba sa tambaya: sirrin daga kotu ne, ba lallai daga tawaga ba. Abin da kika faɗa mata tana iya gaya wa lauyoyin in ya shafi maganar. Ki tambaye ta ranar farko, baki da baki, me take riƙewa, me take wucewa da shi.

Injiniya_Bello:
Kun ga ni ba wanda ya gaya mini wannan.

Garba_Toronto:
Wani abu da na manta. Abin da ya fi amfanata ba ranar sa hannu ba ne, bayanta ne. Kocin ya sa mun rubuta ƙananan abubuwan da a lokacin na ga ɓata lokaci ne: in yaro ya yi zazzaɓi da dare wa za a kira, in ɗayanmu zai yi sabon aure yaushe za a gaya wa yaron kuma wa zai gaya masa, saƙo tsakaninmu a rubuce kuma a kan yaro kawai. Har zaman da muka gaya wa ɗanmu za mu rabu, sai da muka yi bitarsa a ofishinsa, kalma bayan kalma, don kada wani ya ce "uwarka ce ta so" ko "ubanka ne ya jawo". Bara da na tashi aure, takardar nan muka buɗe muka bi. A nan Kanada ma tun Maris 2021 dokar saki ta daina amfani da kalmomin da ke nuna wani ya yi nasarar samun yaro wani ya faɗi, ta koma maganar lokacin reno da alhakin yanke shawara.

Uwar_Biyu:
Malam Garba na yi maka murna har zuciyata. Ni dai roƙona kada a riƙa nuna wa wadda ta tafi kotu kamar ita ce ta ƙi zaman lafiya.

Nura_K:
Anti Uwar Biyu, ba wanda zai ce haka. Da uwata tana cikin irin halinki, da ni zan fara cewa ta tafi.

Maman_Iman:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Nura, maganarka ta hana ni barci, domin shekaranjiya na ce wa babbar ta tambayi babanta yaushe zai zo ɗaukar kayansa. Ban ma lura da abin da na yi ba sai da na karanta ka.

Yau na kira matar, muka yi rabin awa a waya. Na yi mata tambayar Hajiya Asabe, ta ce duk abin da zai shafi yarjejeniyar ba za ta ɓoye wa lauyoyi ba, amma za ta fara gaya mini kafin ta faɗa. Na yi mata ta Injiniya, ta ce za ta rubuta mana adadin zaman da take hasashe, in za a wuce sai mun amince. Ta ce za ta ga kowannenmu shi kaɗai kafin a haɗu. Uwar Biyu, ba na tsoronsa alhamdulillahi, amma ya fi ni baki nesa ba kusa ba, in yana magana sai in manta abin da na zo da shi. Na gaya mata wannan ma.

Na yarda da ita. Inda na tsaya yanzu shi ne maganar yaran. Shi babansu ya ce ba ya so baƙo ya zauna da su, wai za a sa musu damuwar da ba su da ita. Ni kuma ina ganin babbar ta daina cin abinci sosai, ta daina hira.

Baba_Audu:
A nan kam ina bayan babansu. Yaro ɗan shekara 5 me ya sani?

Dakta_Binta:
Baba, ya san fiye da yadda muke zato, sai dai ba shi da kalmomin faɗa. Amma tsoron babansu ba shirme ba ne, kuma ba a kai yara sai iyaye biyu sun yarda. Maman Iman, akwai tsaka-tsaki: ku biyu ku fara zama da masanin yaran ba tare da yaran ba, ya ji yadda kowannensu yake, shi ma baban ya yi tambayoyinsa ya ga irin mutumin. Maganar cin abincin babbar kuwa kada ki jira tawaga, ki kai ta wajen likitanta a makon nan.

Hajiya_Asabe:
Dakta, in yarinyar ce da kanta ta ce ba ta son magana da kowa fa? A tilasta mata?

Dakta_Binta:
A'a, ba a tilastawa. A gaya mata ƙofa a buɗe take, a sake tambayarta bayan mako biyu ko uku.

Maman_Iman:
Na samu ganin likita ranar Alhamis. Zan gaya wa lauyata shawarar zama na mu biyu, in ga ko zai yarda. Malam Garba, ɗanka shekararsa nawa lokacin da kuka gaya masa, kuma ku biyu kuka zauna da shi ko ɗaya bayan ɗaya?